Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Abuja da Kwamishinan 'Yan Sanda Kan 'Yan Wan-Cans

Mai girma Ministan Babban Birnin Tarayya, Barista Nyesom Wike,
Yallaɓai Kwamishinan 'Yan Sandan Babban Birnin Tarayya,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri.

Ni tela ne. A Mararaba nake kwana, a Wuse nake neman abinci. Na fi shekara goma ina bin hanyar nan safe da yamma, daga Mararaba zuwa Nyanya, a hau tudun Kugbo, a gangara AYA, a shiga gari. Ban taɓa rubuta wa wata hukuma takarda ba, don ɗinki na iya, ba rubutu ba. Abin da ya sami ƙanwata a daminar bara a hannun 'yan wan-cans, wato ɓarayin nan masu ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi a hanya, shi ne ya sa na ajiye almakashi na ɗauki alƙalami.

A wani shagon sayar da kayan masarufi take aiki a Garki, kuma ba a sallamarsu sai bayan isha'i. Ran nan ta fi awa ɗaya a tsaye a bakin titi, hadari ya haɗo, mutane sun yi cincirindo, duk motar da ta tsaya sai an yi kokawa kafin a shiga, ita kuwa ba ta da ƙarfin ture maza. Can sai ga wata ƙaramar mota ta tsaya ɗan gaba da taron, direba yana kiran Nyanya, Mararaba. A baya akwai wata mata da hijabi, da ledar kayan miya a cinyarta. Ƙanwata ta ce mini wannan matar ce ta sa hankalinta ya kwanta. Ta shiga tsakiya, wani ya biyo ta ya rufe ƙofa.

Ba su yi nisa ba aka ɗaga gilasai. Wanda ke gefenta ya danne mata kai ƙasa, na gaba ya juyo da wuƙa. Matar nan mai hijabi ita ta zazzage jakarta, ita ta ciro katin ATM, ita ta riƙa marinta har ta faɗi lambar sirri. A cikin motar suke da na'urar POS. Suka kwashe albashinta da kuɗin adashin da take riƙe wa abokan aikinta, suka buɗe wayarta da yatsanta suka tura abin da ya rage a ɗaya asusun. Da suka gama, suka rage gudu a wani wuri mai duhu, suka buɗe ƙofa suka hankaɗo ta. Wani direban tifa ne ya hango ta a gefen kwalta, ya tsaya, ya kira ni da wayarsa. Allah ya saka masa da alheri duk inda yake. Ta karye a kafaɗa, fatar gefen fuskarta ta saluɓe, kuma har yau idan mota ta tsaya kusa da ita ba zato sai jikinta ya ɗauki ɓari.

Mun gode wa Allah da ta rayu. Akwai waɗanda ba su rayu ba. Kun san labarin matashiyar da aka jefo daga mota a hanyar Maitama zuwa Kubwa a watan Satumba na 2023, ta rasu, har aka yi ta muhawara a kan ko an ƙi karɓarta a asibiti ko kuwa gawarta aka kai. Ƙasa duka ta ji wannan. Waɗanda ba a ji nasu ba su ne irinmu, da muke ɗaure karaya a gida, mu ce ƙaddara ce, mu koma bakin titi washegari saboda ba mu da wata hanya.

Bayan abin ya faru, na ga sanarwar da rundunar 'yan sanda ke yawan fitarwa: kada a shiga motar da ba ta da fenti, a riƙa hawa mota a tashar da hukuma ta amince da ita, a lura da waɗanda ke cikin mota kafin a shiga. Ranka ya daɗe, na san da kyakkyawar niyya ake faɗar wannan. Amma ina roƙon wanda ya rubuta sanarwar ya zo ya tsaya a Berger ko ƙarƙashin gadar Area 1 da ƙarfe takwas na dare, ya ƙirga mini koren tasi nawa za su wuce da gurbin mutum ɗaya, da babbar bas nawa za ta tsaya. Wanda ya kwana a Masaka kuma dole ya isa wurin aiki a Maitama ƙarfe bakwai, tun asuba yake fitowa, kuma duk abin da ya tsaya masa mai ƙafa huɗu shi zai shiga. Game da lura da fasinjoji kuwa, ƙanwata ta lura. Abin da ta gani mace ce da kayan miya. Ɓarayin nan sun san shawarar da kuke ba mu, sun kuma shirya mata: suna ɗaukar mace, suna ɗaukar dattijo mai furfura, wasu ma har fentin tasi suke yi wa motarsu.

Maganar da nake son isarwa ita ce wannan: rashin motar haya ne ya haifi wan-cans. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon sufurin Abuja ya daɗe da tsagewa.

Ku duba yadda muka zo nan. An tsara birnin nan ta yadda ofisoshi da kasuwanni da gidajen masu hali suke tsakiya, masu yi musu aiki kuwa suna can bayan gari: Nyanya, Karu, Kubwa, Dutse, Lugbe, Gwagwalada, Zuba, Dei-Dei. Tsadar haya da rusau suka tura wasunmu har cikin jihohin maƙwabta, Mararaba da Masaka a Nasarawa, Madalla da Suleja a Neja. Kullum safiya wannan jama'a kaf sai ta kwararo cikin gari, kullum dare sai ta koma. A 2006, zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i, aka hana acaɓa a tsakiyar birni, aka kawo manyan bas-bas waɗanda har yau sunansa muke kiransu da shi. A 2013, zamanin Sanata Bala Mohammed, aka hana ƙananan bas ɗin nan da ake kira araba shiga gari, aka ce manyan bas za su maye gurbinsu. A 2019 aka taƙaita wa Keke Napep hanyoyi. Kowane hani yana da hujjarsa, ban ce babu ba. Acaɓa ya kashe mutane, araba sun yi tuƙin ganganci. Amma kowane lokaci abin da aka cire ya fi abin da aka kawo. Manyan bas ɗin suka tsufa, suka lalace, ba a gyara ba, ba a sayo isassu ba. Jaridu sun sha nuna hotunansu jere a harabar AUMTCO, kamfanin bas na gwamnatin Abuja, tayoyi a sace, ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu.

Giɓin da aka bari, motocin gida ne suka cike shi. Ma'aikacin gwamnati ya ɗebi mutum huɗu a hanyarsa ta zuwa ofis don ya haɗa kuɗin mai. Ɗan kabu-kabu ya fito da motar da ba ta da rajistar haya. Da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, abin ya ƙaru ninkin ba ninkin, don kusan duk mai mota ya koma ɗaukar fasinja. Ba na zargin su, su ma neman sauƙi suke yi, kuma ba don su ba da rabinmu ba za mu isa wurin aiki ba. Sai dai a garin da kowace mota tasi ce, babu yadda fasinja zai bambanta motar malamin makaranta da motar ɗan fashi. Ɓarawo bai buƙatar ɓuya. Layi kawai zai bi tare da sauran.

Jirgin ƙasa na cikin gari da aka buɗe a 2018, ya tsaya a lokacin korona, aka sake tayar da shi a watan Mayun 2024, aiki ne mai kyau, kuma mutanen Kubwa da masu zuwa filin jirgin sama suna amfana. Amma bai biyo ta wajenmu ba. Hanyar Nyanya da Mararaba, wadda kowa ya san irin jama'ar da take ɗauka, ba ta da komai sai kwalta da cunkoso.

Yallaɓai Kwamishina, yanzu bari in juyo gare ka, kuma da girmamawa nake magana. Ina ganin yaranka a hanya kullum. Ina ganinsu cikin rana da ruwan sama, wasu da takalmin da ya huje, kuma na san akwai waɗanda suka rasa rayukansu a bakin aiki. Na ga lokutan da rundunarka ta kama gungun 'yan wan-cans ta nuna su ga manema labarai tare da motocinsu. Ba na raina wannan. Tambayata a kan inda ake ajiye jami'an ne. Shingen bincike yana tsakiyar titi, inda ake tsayar da direba a duba takardu. Fasinja kuwa a bakin titi ake ɗaukarsa, a ƙarƙashin gada, a mahaɗar da fitilunta suka mutu, kuma a can ba na ganin kowa. Motar da ke ɗauke da ƙanwata ta wuce shinge. Ita da kanta ta ji motar ta rage gudu, ta ji direban yana gaisawa da wani cikin raha, kanta a danne ƙarƙashin gwiwar mutum, wuƙa a haƙarƙarinta. Babu wanda ya haska tocila cikin motar. Da an haska kujerar baya na daƙiƙa uku, da labarin ya canja.

Ban ce a ƙara yawan shinge ba. Mu da muka sha wahalar shingen sojoji na Kugbo bayan bam ɗin da ya tashi a Nyanya a 2014, lokacin da mutum kan yi awa uku ko huɗu a tafiyar da ba ta wuce rabin awa ba, mun san shinge ba ya nufin tsaro. Abin da nake roƙo shi ne a sauya abin da jami'i ke dubawa. Ya dubi fuskokin mutanen da ke baya kafin ya dubi takardar mota. A sa jami'ai a wuraren da muke jiran mota, daga asuba zuwa hantsi, daga magariba zuwa sha ɗayan dare, su tsaya a ƙafa inda za mu gan su, su ma su san fuskokin direbobin da ke lodi a wurin. A sa wasu cikin farin kaya su riƙa shiga motocin nan kamar kowane fasinja, a hanyoyin da rundunarka ta fi kowa sanin ana yin ta'asar. Kuma a gyara fitilun titi a wuraren tsayawar mota kafin ko'ina. Duk wanda aka jefo, a wuri mai duhu aka jefo shi.

Sai abin da ke biyo bayan fashin, wanda a wurina ya fi fashin ciwo. Daren nan na ɗauki ƙanwata zuwa wani asibiti, jini yana zuba, aka ce sai na kawo takardar 'yan sanda. Na je wani caji ofis, aka ce wurin da aka jefo ta ba yankinsu ba ne, in je wani. Na je can, aka ce ai inda aka ɗauke ta shi ne wurin da laifin ya fara, in koma. Sai wajen ƙarfe biyun dare wani jami'i mai tausayi ya rubuta mana takarda. Washegari da na koma a kan batun bin sawun wayar, aka nuna mini cewa aikin yana buƙatar kuɗi, kuma adadin da aka ambata ya kusa kai kuɗin wayar. A banki aka ce sai da umarnin kotu za su taɓa asusun da kuɗin ya shiga. Kafin in gama zagayen nan, kwana tara sun wuce. Na haƙura, kamar yadda dubban mutane suka haƙura, kuma ina da yaƙinin cewa ƙarar ƙanwata ba ta cikin kowace ƙididdiga da ake kawo muku a ofis.

Daga baya wani lauya da nake yi wa ɗinki ya nuna mini cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Akwai kuma dokar 2017 da ta wajabta kula da wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Dokokin suna nan. Ma'aikacin da ke bakin ƙofar asibiti da tsakar dare ne bai san da su ba, ko kuma yana tsoron kada gobe a zo a tsare shi a kan ya taimaki wanda ake zargi. Mai girma Minista, asibitocin gwamnati na birnin nan a ƙarƙashinka suke. Takarda ɗaya mai sa hannunka da na Kwamishina, a manna ta a ƙofar sashen gaggawa na kowane asibiti, da Turanci da Hausa da Gbagyi da sauran harsunan da ake ji a nan, za ta cire wa ma'aikacin jinya tsoro, ta kuma ba talaka abin da zai nuna da yatsa. Haka nan a ba kowane DPO umarni cewa duk caji ofis ɗin da wanda aka yi wa wan-cans ya fara shiga, nan ne za a karɓi ƙararsa. Batun yankin wa da yankin wa, ku daidaita shi a tsakaninku daga baya, ba a kan mutumin da ke zubar da jini ba.

Kuɗin nan kuma ba iska ya bi ba. A da ɗan fashi yakan ƙwace tsabar kuɗi ya ɓace. Yanzu tiransfa yake yi, ko ya zura kati a POS. Kowane asusu yana da BVN, kowane layin waya an tilasta mana haɗa shi da NIN, har muka yi ta kwana a layi a kan haka, kuma a 2024 an umarci masu POS su yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni. An ce mana duk don tsaro ake yi. To ga ranar tsaron ta zo. Sunan asusun da ya karɓi kuɗin ƙanwata yana cikin takardar bayanin asusunta da banki ya buga mana, ina da ita a aljihu. Na san sau da yawa asusun aro ne ko na wani da aka yaudara, amma daga nan ake kama bakin zare. Me zai hana a kafa tebur guda a rundunar Abuja, mai layin waya da ake ɗauka dare da rana, mai alaƙa kai tsaye da bankuna, wanda zai iya sa a dakatar da asusu cikin awa ɗaya kafin a kwashe kuɗin? Lambar kiran gaggawa ta 112 tana nan, amma ku tambayi masu jiran mota a Nyanya mutum nawa ne suka san ta, kuma cikin waɗanda suka kira, nawa ne aka zo musu.

Na san amsar da za a ba ni a kan batun motoci: an gina tashoshi. Gaskiya ne. A watan Yunin 2025 an ƙaddamar da tashar Mabushi da ta Kugbo, kuma kai da bakinka, Mai girma Minista, ka ce daga cikin manufarsu akwai kawo ƙarshen wan-cans, ta hanyar sanin kowane direba da kowace mota. Ina wuce ta Kugbo kullum, gini ne mai kyau, kuma tunanin daidai ne. Amma ƙanwata ba a tasha aka ɗauke ta ba. A bakin titi aka ɗauke ta, kusa da wurin aikinta, a inda dubban mutane ke tsayawa saboda nan ne hanyarsu. Mai aiki a Garki ba zai iya zuwa Mabushi don ya hau motar Mararaba ba. Tasha tana amfani ne idan akwai motoci masu yawa da ke fita daga cikinta, su bi unguwa-unguwa, su tsaya a wuraren da aka sani, a lokutan da aka sani, har zuwa dare. Don haka nake tambaya: bas nawa ne? Wace hanya za su bi? Ƙarfe nawa ta farko za ta tashi, ƙarfe nawa ta ƙarshe? Nawa ne kuɗin, kuma mai sharar ofis zai iya biya? Idan ta ƙarshe ta tashi ƙarfe shida na yamma, to an bar ma'aikatan shaguna da gidajen abinci da masu gadi da ma'aikatan jinya a hannun waɗanda suka saba ɗaukarsu.

Kada kuma a ɗauka cewa da zarar bas ta zama ta gwamnati shi ke nan. Legas ta koya mana darasi mai ɗaci. Tun 2008 suke da tsarin manyan bas da ake kira BRT, motoci masu fenti, masu lamba, masu hanyarsu ta daban. Duk da haka, a daren 26 ga Fabrairu, 2022, wata budurwa mai shekara 22, tela kamata, ta hau BRT daga wajen Lekki za ta Oshodi, ba ta isa gida ba. Bayan kwanaki aka tsinci gawarta a wajen gadar Carter. Motar ba ta da kyamara a ciki. Amma ku lura da abu guda: kafin a kashe ta, da ta ga take-taken direban, ta aika wa ƙawarta saƙon murya da lambar motar. Wannan lambar ce ta kai ga direban, aka kamo shi a jihar Ogun inda ya gudu, kuma a watan Mayun 2025 babbar kotun Legas ta yanke masa hukuncin kisa. Lambar ba ta ceci ranta ba, Allah ya ji ƙanta, amma ta hana mai laifin sulalewa. Ƙanwata ba ta da lambar da za ta aika wa kowa. Ko launin motar ba ta tantance ba a cikin duhu.

Saboda haka idan za a kawo bas, a kawo su da abin da ya kamata. A binciki direba da kwandasta kafin a ɗauke su, a san gidajensu da masu tsaya musu. A rubuta lambar mota da manyan haruffa a ciki da waje, inda fasinja zai gani yana zaune. A bar fitilun ciki a kunne muddin akwai mutum ɗaya a ciki. A sa kyamara da na'urar da ke nuna inda mota take, a kuma sa mutum mai rai ya zauna yana kallo, wanda zai tambaya idan mota ta kauce hanyarta. Ina jaddada batun mai kallon ne saboda mun ga abin da ya faru da kwangilar kyamarorin tsaro ta 2010, ta kimanin dala miliyan 470, da aka ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin. Sandunan suna nan tsaye a titunan Abuja, an sace batura da farantan hasken rana, kuma lokacin da bam ya tashi a tashar Nyanya da safiyar 14 ga Afrilu, 2014, ya kashe mutum fiye da 70 cikin masu sammakon zuwa aiki, ba mu ji an ce ga hoton da suka ɗauka ba. Ina cikin waɗanda suka wuce wurin ba da jimawa ba kafin tashinsa. Ba na son a sake sayen ƙarfe a kira shi tsaro.

Motocin gida masu ɗaukar fasinja kuwa, kada a ce za a kore su da kame kafin a kawo madadinsu, don wannan shi ne kuskuren da aka maimaita tun 2006. A yi musu rajista mai sauƙi, mai arha, wadda mutum zai gama a yini ɗaya ba tare da ɗan tsakiya ba. A ba kowace mota lamba babba a jikin ƙofa, wadda fasinja zai iya turawa ta waya ya ga sunan direba da hotonsa. A Kano kowace Adaidaita Sahu tana da lambar KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar, a jikinta, kuma ko yaro ya san ya duba ta. A jawo ƙungiyoyin direbobi, NURTW da RTEAN, cikin aikin. 'Yan kamasho sun fi kowa sanin baƙuwar mota a wurin lodi. Tun da suna karɓar kuɗi a kan kowane lodi, to su ɗauki alhakin wanda suka yi wa lodin.

Akwai kuma batun iyaka. Tsakanin Nyanya da Mararaba babu kogi babu dutse, amma nan ikon rundunar Abuja ya ƙare, na Nasarawa ya fara. Haka tsakanin Zuba da Madalla. Ɓarawo ya san wannan sarai: ya ɗauki mutum a wannan jiha, ya yashe shi a waccan. Akwai haɗin gwiwar tsaro na G-7 tsakanin Abuja da jihohin da ke kewaye da ita. Ina roƙon a sa tsaron fasinja cikin ajandarsa, ya zama rajistar mota ɗaya ce daga Masaka har Wuse, kuma rahoton da aka kai a Mararaba ya isa Abuja a daren.

Abu na ƙarshe da ke damuna, kuma dole in faɗe shi. Duk lokacin da aka yi kuka a kan tsaro a birnin nan, abin da ke biyo baya shi ne samame a ƙarƙashin gadoji da bakin tashoshi. A kwashe mai shayi, da mai gyaran takalmi, da mai tura baro, da yaron da ya sauka daga motar Katsina jiya yana neman aikin ƙarfi. Washegari 'yan uwa su yi ta yawo daga caji ofis zuwa caji ofis da kuɗin belin da doka ta ce kyauta ne. Yallaɓai, mutanen da suka yi wa ƙanwata fashi suna da mota, suna da man da za su zuba mata, suna da POS da asusun banki. Ba a ƙarƙashin gada suke kwana ba. Mai shayin da ake kamawa shi ne wanda idonsa ke kan titin nan tun asuba har tsakar dare, shi ya san motar da ke zagayowa sau uku ba ta cika ba, kuma sau da yawa shi ne farkon wanda ke rugawa ya ɗaga wanda aka jefo. Idan aka mai da shi abin farauta, ba zai sake buɗe baki ya gaya wa ɗan sanda komai ba. Ku kira sarakunan Hausawa da na sauran ƙabilu na unguwannin nan, da shugabannin kasuwanni da limamai da fastoci, ku ji abin da mutanensu ke gani.

Mai girma Minista, an shaide ka da zuwa duba aiki da ƙafarka, kana tsayawa a kan gada ka tambayi ɗan kwangila ranar gamawa. Ina gayyatarka ka yi irin wannan zuwan sau ɗaya, ba jiniya, ba rakiyar motoci, kai da Kwamishina, ku tsaya tare da mu a Area 1 ko Berger bayan sallar isha'i ranar aiki, har ku ga yadda mata ke leƙa cikin kowace mota suna karanta fuskoki kafin su sa ƙafa.

Ƙanwata ta koma aiki bayan wata uku, don ba mu da halin ta zauna, ga kuma kuɗin adashin mutane da take biya kaɗan-kaɗan. Yanzu nakan rufe shago da wuri, in tafi Garki in zauna a kan benci a ƙofar shagonsu har a tashe su, mu hau mota ɗaya. Abokan aikinta mata uku sukan jira su biyo mu. Ranar da ɗinki ya riƙe ni, sai ta kira ni kafin ta shiga mota, ta bar wayar a kunne cikin jaka, ni kuma in ajiye tawa a kan keken ɗinki ina sauraro har in ji ta ce ta sauka.

Na gode da sauraro. Allah ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Naku cikin girmamawa,
Wani tela mazaunin Mararaba